Ɗan Manomi a Ajin Tsimi da Tanadi

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan aka ga ya sake ɗaura kaya ya koma makaranta, tambayar da takan fara fitowa daga bakin dattawa ita ce, "Wai me ya rage bai karanta ba?" In an ce likitanci ne ko lauyanci, sai a yi shiru, domin kowa ya san amfaninsu. Amma in aka ce digiri na biyu ya koma yi a kan ilmin tsimi da tanadi, wanda yanzu aka fi kira ilmin tattalin arziki, to, sai bayani ya yi tsawo, domin kuwa a ganin mutumin karkara tsimi da tanadi abu ne da kowane magidanci yake koya a bakin rumbunsa ba tare da ya biya kuɗin rajista ba.

Wannan maƙala ta ƙunshi labarin wani ɗalibi ne, ɗan manomi daga wani ƙauye da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, wanda ya shiga irin wannan karatu mai zurfi a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. An sakaya sunansa, domin irinsa suna da yawa, kuma mai karatu zai iya ganin kansa ko abokin zamansa a cikin labarin. Abin da ake son nunawa shi ne, aji yana hango abin da rumbu ba ya gani, rumbu kuma ya san abin da bai shiga littafi ba, kuma ɗan ƙasar da ya zauna a wuraren biyu yana ɗauke da bashin da ba a sauke shi da takardar shaida kaɗai.

Ƙasar da Ya Fito

Kudancin Jihar Katsina ƙasa ce mai laka da wadatar ruwan sama idan aka kwatanta da arewacin jihar, shi ya sa tun zamanin Turawa aka sa mata ido saboda auduga. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta isa Ƙaura Namoda a 1929, ita ce ta mai da Funtuwa babbar matattarar ciniki. Kamfanin Ingila mai kula da noman auduga ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, manoma kuma suka saba da kai audugarsu fuloti, inda ake awo a biya su bisa farashin da hukuma ta yanke. Kakan wannan ɗalibi a wannan zamani ya yi ƙarfinsa, da kuɗin auduga yake biyan haraji, ya yi wa iyali tufafin salla, dawa da gero kuwa na ci ne.

A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa biyu na Gusau da Gombe. Su ukun nan su ne na farko irinsu a Nijeriya. Shirin na Funtuwa ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya ci gaba har 1980. An yi hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da kayan noma, an baza malaman gona, takin zamani kuma ya samu da araha saboda rangwamen da gwamnati ta yi a zamanin kuɗin man fetur. Masu shirin sun sa ran auduga za ta haɓaka ƙwarai, amma abin da ya bunƙasa shi ne masara, musamman wani farin iri da aka samo daga cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gasawa, sai ga ta ta cika manyan gonaki. Masana da dama, har da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun soki shirin da cewa ya fi karkata ga manyan manoma, waɗanda suke da shanun huɗa da sanayya a ofis.

A 1986, cikin tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. A 1987 kuma aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Mahaifin ɗalibin nan ya gaji gonar auduga, amma manomin masara ya zama, daga baya ya ƙara da waken suya. Watau ke nan, duk abin da ke cikin rumbun gidansu yana da tarihin da ya haɗa da Landan da Washinton da Legas, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa masa haka kafin ya shiga aji.

Zaman Aji

Wanda bai shiga ba yakan zaci a digiri na biyu na wannan fanni hira ake yi a kan tsadar kaya da darajar naira. Abin da ɗalibin ya tarar lissafi ne tsagwaronsa. Zango na farko ya ƙare a kan darussa uku: nazarin yadda gida da kamfani suke yanke shawara a kasuwa, da nazarin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, da kuma dabarun ƙididdiga da ake gwada ra'i da su don a ga ko ya dace da abin da ke faruwa. Malami yakan shigo ya cika allo da alamomi, ya ce a ƙaddara akwai wani gida mai gona kaza da ma'aikata kaza, wanda ya san farashin kome, kuma yana iya samun rance a duk lokacin da ya so. Ɗalibin yakan rubuta, amma zuciyarsa takan koma gida, inda bai taɓa ganin irin wannan magidanci ba.

Da tafiya ta yi nisa sai ya gane hikimar wannan ƙaddarawa. Wanda zai auna hatsi dole ya fara da tiyar da babu kome a cikinta. Ana soma lissafi da gidan da babu irinsa ne domin a riƙa cire sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da zai canza: in babu rance sai me, in ba a san yadda damina za ta kasance ba sai me, in kasuwa tana da nisa sai me. A nan ne karatun ya fara yi masa daɗi, domin kowane sharaɗi da aka cire, gidan allo yakan ƙara kama da gidansu.

A nan kuma ya haɗu da wata tsohuwar muhawara. An daɗe ana ɗaukar ƙaramin manomi a matsayin mai taurin kai, wanda al'ada ta hana shi ci gaba. A 1964 wani masani ɗan Amurka, Theodore Schultz, ya fitar da littafi yana cewa manomin gargajiya matalauci ne, amma yana sarrafa ɗan abin da ke hannunsa da iyakar dabara, saboda haka abin da yake bukata shi ne sabon iri da ilmi da farashi mai kyau. Schultz ya sami lambar Nobel a 1979. Ɗalibin ya lura cewa irin wannan tunani yana daga cikin abin da ya haifi shirye-shirye kamar na Funtuwa. Ashe abin da ake faɗa a aji yana iya zama hanyar mota da buhun taki a ƙauyensu bayan shekara goma.

Waɗanda Suka Riga Shi

Da lokacin rubuta kundi ya yi, malamin da ke duba aikinsa ya ce masa, "Kafin ka ce za ka gano wani abu a ƙasarku, je ka ga abin da aka riga aka gano." Sai ya shiga laburare, ya tarar an daɗe ana auna mutanensa.

A Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, an kafa wani sashe na nazarin tattalin arzikin karkara a ƙarƙashin David Norman. A 1966 da 1967 ma'aikatansa sun bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da kowa ya yi da abin da ya girba. A lokacin malaman gona suna horon manoma su daina haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Binciken ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake, kamar yadda ake yi a shukar gicci, ya fi kawo amfani a kowace eka, kuma ya fi tsare manomi daga asara, sa'an nan babban abin da ke takura shi shi ne ƙarancin hannu a lokacin noman firi, cikin watannin Yuni da Yuli.

Polly Hill, 'yar Ingila, wadda fitaccen masanin nan Keynes kawunta ne, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, littafinta ya fito a 1972. Ita kuma ta nuna cewa kuskure ne a ɗauki manoman ƙauye kamar 'ya'yan tsintsiya, domin akwai mai rumbuna, akwai kuma wanda talauci ya hana shi noma gonarsa, saboda dole ya tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa take bukatarsa. Christopher Udry, yana ɗalibin digiri na uku daga Amurka, ya yi shekara guda tsakanin 1988 da 1989 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana nazarin bashi. Ya tarar yawancin rance tsakanin mutanen da suka san juna ake yi, ba rubutu, ba jingina sai nadiran, kuma abin da za a biya yakan danganta da halin da ɓangarorin biyu suka shiga. In gobara ko ciwo ya sami wanda ya ci bashi, sai a sassauta masa. In mai ba da bashin ne wahala ta sama, sai a biya shi da wuri, har a ƙara. Watau bashin ƙauye yana yin aikin da inshora take yi a birni.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi tun ƙarshen shekarun 1970, ya yi ta dawowa, har littafinsa ya fito a 2014. Shi ya bi diddigin yadda manoma 'yan kasuwa suke tara dukiya, ya nuna cewa ba a raba neman arzikinsu da hidima, watau nauyin iyali da dangi da barori da abokan ciniki.

Ɗalibin ya ji daɗin waɗannan ayyuka, amma wani abu ya tsaya masa a rai. Dukansu da Ingilishi aka rubuta su, kuma a ƙauyensu, wanda ba shi da nisa da Marmara, bai taɓa jin wanda ya san abin da ke cikinsu ba. An ɗebi ilmi a bakin mutane kamar yadda aka ɗebi audugarsu, aka kai wani wuri aka saƙa, amma ƙyallen bai dawo kasuwarsu ba.

Takardar Tambayoyi

Ya zaɓi ya yi nazarin yadda manoman masara suke yanke shawarar sayarwa da kaka ko ajiyewa zuwa bazara. A kakar 2024 ya ɗauki takardun tambayoyi ya nufi gida. Ya fara da gaida dagaci, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma ko ɗan gari ba ya shiga gidajen mutane da biro da takarda sai da izini.

Matsala ta farko ita ce ta awo. Takarda tana tambayar hekta, manomi kuwa yana auna gonarsa da kwanakin huɗar shanu ko da yawan buhunan takin da take ci. Dawa da dami ake ƙirga ta, kuma damin wani ya fi na wani. Ta biyu ita ce ta gida. Takarda ta ɗauka kowane gida aljihu ɗaya gare shi, alhali akwai gonar gandu, akwai gayauna ta ƙane ko ɗa, akwai kuma matan gida da suke da jarinsu na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da awaki, wanda maigida bai san iyakarsa ba, wani lokaci ma shi yake cin bashi a wurinsu. Namiji baƙo ba ya shiga ya tambaye su, sai da ya nemi taimakon wata ƙanwarsa.

Ta uku ita ce ta kunya da tsoro. Tambayar magidanci abin da ke cikin rumbunsa kamar tambayarsa yawan 'ya'yansa ce. Wani dattijo, abokin mahaifinsa, ya dube shi ya ce, "Ɗana, gwamnati ce ta aiko ka, ko kuwa taki za a raba?" Ya amsa, "Ko ɗaya babu, Baba, karatu ne kawai." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "To, in taki ne gonata babba ce, in haraji ne ƙarama ce. Tun da karatu ne, zauna in gaya maka gaskiya." A wannan raha akwai darasi babba, domin duk alƙaluman da ake wallafawa a kan noman ƙasar nan daga irin wannan zama suke fitowa, kuma amsa takan bi abin da mai amsawa yake zaton za a yi da ita.

Ta huɗu ta fi sauran nauyi. Ƙa'idar bincike ta ce a zaɓi ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, don kada son zuciya ya shiga. Amma tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a watan Disamba na 2020. Wasu ƙauyukan da ƙuri'a ta faɗa musu ba su shiguwa a lokacin, wasu mutanensu sun watse sun koma gari. Dole ya musanya su da na bakin titi. Ya san abin da wannan yake nufi a lissafi: waɗanda suka fi shan wahala su ne ba za su fito a jadawalinsa ba, saboda haka duk matsakaicin da zai fitar zai nuna ƙasar ta fi yadda take lafiya. Ya rubuta wannan a fili a babin farko na kundinsa, don kada mai karantawa ya ruɗu.

Gurbin Hidima

A takardar tambayoyin akwai gurbin abin da gida yake kashewa: abinci, tufafi, magani, makaranta, sa'an nan bukukuwa da kyaututtuka. Bisa tsarin da aka saba, wannan na ƙarshe kuɗi ne da aka ci suka ƙare. Amma da ya riƙa tambayar dalilin da ya sa mutum ya sayar da masararsa tun da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, sai amsoshi suka riƙa komawa wuri ɗaya. Wannan zai aurar da 'yar ƙanensa. Wancan zai biya falle, watau kuɗin da ya karɓa da damina a kan zai biya da hatsi in an yi girbi. Wani kuma zai mai da bikin da aka yi masa bara, domin abin da aka kawo maka ranar sunan ɗanka ajiya ce, ranar na mai kawowa za ka mayar har da ƙari.

Ya kai wannan gaban taron ƙara wa juna ilmi na sashensu, aka yi muhawara mai zafi. Wasu suka ce wannan almubazzaranci ne da ke cinye jarin manomi, kuma shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ba ya girma. Shi kuwa ya kafa hujja da Udry da Clough, ya ce a inda babu banki mai ba talaka rance, kuma babu inshorar gona, mutanen da ka yi wa hidima su ne rumbunka na biyu. Su za su zo maka gayya in ciwo ya kwantar da kai a watan Yuli, su za su ba ka iri in naka ya ƙone. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wani malami dattijo ya ce masa, "Malam, mun ji. Amma gaya mana, wace rana ce wannan rumbu na biyu yakan zama fanko?"

Amsar tana cikin darasin da ya koya a zango na biyu. Taimakon juna yana aiki ne idan masifa ta sami mutum ɗaya ta bar saura. Idan ta game gari, kamar fari, ko harin 'yan bindiga, ko faɗuwar farashi, to, mai bayarwa da mai karɓa duk a rami ɗaya suke. Bai daɗe da ba da wannan amsa a gaban allo ba ya gan ta a gidansu.

Masarar Kuɗin Makaranta

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a kasuwa a watan da ya biyo, kayan abinci sun yi tashin gwauron zabo har cikin 2024. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da masara, na tsawon kwana 150. Mahaifin ɗalibin, kamar sauran masu hali a yankin, ya sayi taki da tsada, ya yi noma, ya ware wasu buhuna ya ajiye, bisa abin da shekaru suka koya masa, watau hatsi yakan yi daraja in bazara ta kama. Waɗannan buhuna su ne kuɗin rajistar ɗansa na shekara ta biyu da kuɗin buga kundi. Da 2025 ta shigo, maimakon farashi ya hau sai ya yi ta sauka, taki kuwa bai sauko ba. Mutanen birni suka sami sauƙi, masu ajiya a Funtuwa da Bakori da Ɗandume suka tafka asara.

Ɗalibin ya zo hutu ya tarar da zancen. Da dare, bayan an ci tuwo, ya zauna gefen tabarmar mahaifinsa ya ce, "Baba, na yi lissafi. In aka haɗa kuɗin makaranta da abin da zan samu da ina aiki, da kuma ƙwadagon da ake biya a madadina, karatun nan ya fi ƙarfin gidan nan bana. Ko in dakata sai baɗi?" Tsohon ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Kai da kake yawo kana tambayar mutane abin da suke kashewa, a wane layi ka rubuta kanka?" Ya ce, "A layin makaranta, Baba." Ya ce, "A'a, kai hidima ne. Baffanka ya kawo buhu biyu, gwaggonka ta sayar da tunkiya. Ba wanda ya ce ka biya, amma kowa ya san inda ya ajiye. Koma ka gama. Abu ɗaya nake so ka gaya mini in ka dawo: wa ya karya masara, kuma yaya za a yi mu sani tun kafin mu zuba taki?"

Wannan tambaya ita ce amsar waccan ta dattawa game da abin da ya rage bai karanta ba. Tsohon ya fi ɗansa sanin ƙasa da iri da halin mutane nesa ba kusa ba. Amma abin da ya taɓa farashin masararsa ya haɗa da takardar da aka sa wa hannu a Abuja, da canjin dala, da jiragen ruwan da suka sauke kaya a Legas, da yawan abin da manoman wasu jihohi suka girba. Ba a hango waɗannan daga bakin rumbu. Gano yadda suke haɗuwa, da auna nauyin kowanne, shi ne aikin da aka tura yaron ya koyo, kuma gidan da ya biya kuɗin yana da haƙƙin jin sakamako.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa karatu mai zurfi a fannin tsimi da tanadi yana ɗora wa ɗan ƙasar Funtuwa da Malumfashi nauyi iri biyu. Na farko, ya koyi lissafin da kyau, kada ya raina shi don ya ga an fara da gidan da babu irinsa, domin wanda bai iya lissafin ba ba shi da bakin magana a inda ake yanke shawarar taki da haraji da shigo da hatsi, kuma tarihin yankin tun daga 1975 ya nuna cewa shawarar da aka yanke a can takan iso gona. Na biyu, ya shigar da abin da ya sani na gida cikin lissafin: gandu da gayauna, falle da biki, jarin mata, da ƙauyen da ƙuri'a ta zaɓa amma hanya ta hana zuwa. Baƙi sun yi shekaru kafin su fahimci waɗannan, shi kuwa da su ya tashi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Har ila yau akwai abin da ya kamata malamai da ɗalibai su duba. Babu abin da zai hana kowane kundi da aka rubuta a kan manoman ƙasar Hausa ya zo da taƙaitawa ta shafi biyu ko uku cikin Hausa, wadda za a iya karantawa a zauren dagaci ko a gidan rediyo. Wannan aiki ne da sashen tattalin arziki ba zai iya shi kaɗai ba, domin sai an zauna an tantance kalmomi, an bambance rance da bashi, riba da ruwa, jari da uwar kuɗi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da aka ba da labarinsa ya koma makaranta da kuɗin masarar da aka sayar da asara. Ya kuma ƙudura cewa kafin ya kai kundinsa wurin mai ɗauri, zai fara karanta wa mutanen da suka amsa tambayoyinsa abin da ya rubuta a kansu, in da gyara su gyara, tun da dai gonakinsu ne da rumbunansu.